Saukar da Ban Gani Ba

Ni mace ce mai baki, ba na musu. A ma'aikatar tarayyar da nake aiki, idan aka ji murya ta keto bango daga hawa na biyu, ba a tambayar ko wace ce. Na yi cacar baki da direbobin tasi a Wuse, na yi da mahauta a kasuwar Gwarinpa, ogana ma na taɓa wanke shi tas a gaban baƙi, washegari shi ya fara gaishe ni. Mutum ɗaya ce a duniya bakin nan nawa yake mutuwa murus a gabanta, ita ce 'yar farina.

A garinmu, can cikin ƙasar Katsina, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka innata ta yi wa yayanmu har ya yi furfura, kuma ban taɓa jin wani ya ce ba ta sonsa ba. Ni abin ma biyu ya zo min, domin sunan surukata aka raɗa wa yarinyar, sunan da ko a rubuce na gan shi sai na tsallake da ido. Babanta "Mamana" yake ce mata. A bakina kuwa "ke" ce, ko "wannan yarinyar" in ina ba da labarinta. Ita ma Anti take ce min. Haka ta buɗe baki ta ji ƙannen babanta suna faɗa, ba wanda ya gyara mata, ni kuma ba ni da bakin gyarawa. Ƙannenta maza biyu su ne masu Mama, su ne masu hawa cinyata da ƙafafunsu duk ƙasa. Na yi boko, na iya tuƙi, na zauna a Abuja har Hausata ta cakuɗe da Turanci, amma wannan abu guda na taho da shi daga gida ban ajiye ba. Har alfahari nake yi da shi a cikin ƙawaye.

Abin da yarinyar nan ta nema a wurina bai taka kara ya karya ba. So take in kalle ta sau ɗaya tana kan katakon wasan alkafura, daga hawanta har saukarta. Ta yi shekaru tana nema, kuma ba da baki ta nema ba.

Wata 'yar Brazil ce ta jawo mana. Wata Asabar da rana ina zaune a falo ina yanka kuɓewa, talabijin a kunne don kawai a ji motsi, sai aka sako wata babbar gasa ta 'yan wasan alkafura, wanda suke ce wa jimnastik. Ban san komai a kansa ba a lokacin. Na dai ga wata 'yar firit ɗin budurwa, fatarta kamar tamu, ta shafa farar hoda a hannu, ta ɗaga hannu sama tana gaida alƙalai, ta haye wani dogon katako da faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba. Ta yi tafiya a kai, ta juya, ta yi tsalle ta buɗe ƙafa. Da ta zo yin alkafura ta baya sai ƙafa ɗaya ta kuskure. Haƙarƙarinta ya daki katakon, ta zube a ƙasa.

Ban san lokacin da na yar da wuƙar ba. Na ji kaina ina cewa, "Wayyo, sannu 'yata. Tashi, tashi, ba komai." Ta kuwa tashi kamar ta ji ni. Ta ja numfashi, ta sake hayewa, ta ƙarasa abinta, ta diro ta tsaya cak, ta ɗaga hannu tana murmushi alhali idonta ya cika da ruwa. Ba ta ci wata lamba ba a ranar. Ni dai ta tafi da zuciyata.

Sai da na sunkuya ɗaukar wuƙar na ga 'yar farina a tsaye a bakin ƙofar kicin, da kofi a hannu. Ba talabijin take kallo ba, ni take kallo. Lokacin ba ta fi 'yar firamare ta ƙasa-ƙasa ba. Na ce, "Ke, me kike tsaye yi? Kawo min gishiri."

Washegari na leƙa ta taga na hango ta a kan bakin kwalbatin ƙofar gida, hannuwa a buɗe, tana taka ƙafa ɗaya gaban ɗaya. Ta kai ƙarshe ta diro, ta ɗaga hannu sama, ta juyo ta dubi tagar. Na saki labule.

Daga nan gida ya zama filin wasa. Kujerun falo sun sha wuya, katifar baƙi ta lotsa a tsakiya, bangon farfajiya duk sawun ƙafa ne a inda sawun hannu ya kamata ya kasance. Babanta, wanda ba ya iya hana ta komai, ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa wani zaure kusa da babban filin wasa, ta hanyar filin jirgi, inda wata mata ke koya wa yara duk Asabar. Na yi faɗa, na ce 'ya mace ce, na ce me za a ce a gida. Ya ce a ɗinka mata dogon wando da riga mai dogon hannu, a sa mata hula, shi ke nan. Aka buga wa surukata waya don ta tsawata, sai tsohuwa ta kwashe da dariya ta ce ita ma ta yi alkafura a kan yashin rafi kafin a san za a haife mu duka. Kai ta zauren kuma ya faɗo a kaina, tunda ni ce ba na zuwa aiki ran Asabar.

Kocin Bagwariya ce daga Dutse Alhaji, gajeriya, damatsanta kamar na mai dakan sakwara. Kayan zauren duk sun ji jiki: katifu masu faci, ƙarafan lilo da ake ɗaure wa tsumma, da katako guda ɗaya da fatarsa ta ɗaɗe a tsakiya. Yaran kuwa kala-kala ne, akwai 'ya'yan manya da direba ke kawowa, akwai 'yan matan Kuchigoro da ke takowa a ƙasa da silifas. Uwar ɗaya daga cikinsu tana gasa masara a bakin ƙofa, kuma duk yarinyar da ta yi abin kirki, tata ko ta wani, sai ta leƙo ta rangaɗa mata guɗa.

Bayan 'yan makonni kocin ta tare ni a bakin mota ta ce, "Madam, yarinyanka yana da ƙashi mai kyau, kuma ba ya tsoro. Amma kullum in ya sauka yana neman ka da ido. Ka riƙa shigowa mana."

Na ce mata ina shigowa. Kuma gaskiya ne, ina shiga. Nakan zauna a benci na ƙarshe, jikin bango, in ciro waya in sunkuya. In yaran wasu ne a kan katako, ina kallo har da ba da shawara da ƙarfi, iyayen ma sun san ni da haka. Da an kira sunan tawa sai wuyana ya lanƙwashe da kansa. Ba shawara nake yankewa ba, Allah ya sani, jikina ne yake yi, yadda hannu ke janyewa daga murfin tukunya mai zafi.

Me nake kallo a wayar? 'Yar Brazil. Ni da ban san inda Brazil take a taswira ba sai da ɗana ya nuna min, na zama gwanar tarihinta. Na bi ta baya na ga lokacin da take ƙarama, haƙoranta a waje, tana gasar yara a garinsu. Na ga shekarar da ta shiga sahun manya aka yi ta yabonta, da shekarar da ta kasa kaiwa zagayen ƙarshe saboda taku ɗaya da ta ƙara wajen sauka. Na koyi cewa ƙarafan lilo ne suka fi ba ta wahala, a ƙasa kuwa in aka sa mata kiɗa ba mai kama ta. Na gane yadda alƙalai ke rage maki: in gwiwa ta lanƙwashe, in hannu ya kaɗa, in an diro aka yi ɗan taku. Har kunnena ya koya. Saukar da ta yi kyau sauti ɗaya gare ta, dum, sai shiru. In ka ji dum da ɗan tas a bayansa, to ƙafa ta gusa.

Da jijiyar gwiwar 'yar Brazil ta tsinke a wurin atisaye, aka nuno ta a gadon asibiti da ƙafa a naɗe, na kasa cin abincin rana. Abokan aikina suka samu abin yi. Kowa ya shigo sai ya ce, "Hajiya, ya jikin 'yarki ta Brazil? An sallame ku?" Ni kuma in ce da sauƙi, ku dai ci gaba da addu'a, marasa imani. Ina wasa, amma na sa ta a addu'a da gaske, sau da yawa ma, yarinyar da ban san addininta ba kuma ba ta san an halicce ni ba. Ta daɗe ba a jin ɗuriyarta. Aka ce ta gama. Sai ga ta ta dawo da tabo a gwiwa, ta faɗi, ta sake dawowa. Duk wannan a gaban 'yar farina nake yinsa, a falo, a kicin, a mota in mun tsaya a cunkoso, ina ta 'yata kaza, 'yata kaza. Bakina bai taɓa yin nauyi da kalmar ba, tunda ba ni na haife ta ba.

Ranar da 'yar Brazil ta hau dandamali aka rataya mata lambar yabo, na kalla a talabijin da la'asar. Ta sauko da gudu ta nufi wajen 'yan kallo, wata mata mai jiki ta tsallako shinge ta rungume ta, tana sumbatar goshinta, tana kiran sunanta, duniya na kallo. Aka ce uwarta ce. Na ce, "Kai, mutanen nan ba kunya a idonsu," ina faɗa ina share hawaye da bakin mayafi. Tawa tana zaune a kan kafet tana naɗa bandeji a wuyan hannunta da ya kumbura. Ba ta ɗago ba. Ni kuma ban tambaye ta me ya samu hannun ba, sai da ta fita na aiki ƙaninta ya kai mata man zafi, na ce kada ya ce ni na bayar.

Akwai wata ƙaramar gasa da aka yi a zauren tsakanin yaran Abuja, lokacin tawa ta shiga sakandare. Ina bencina, kaina a ƙasa, sai na ji ƙarar da na sani, irin wadda na ji ranar kuɓewa, haƙarƙari a kan katako. Tawa ce ta faɗo, mutane suka ce wash. Jikina ya miƙe rabi, sai na ga iyaye sun juyo suna dubana, na koma na zauna, na shiga gyara zif ɗin jakata. Mai masara ce ta ruga ta ɗaga ta, tana kakkaɓe mata riga tana cewa sannu 'yar albarka. Yarinyar ta koma ta hau ta ƙarasa. Wannan ma a bakin mutane na ji.

Muka kama hanyar gida. Tana gefena, ta dafe haƙarƙari da hannu ɗaya, tana kallon waje. Mun kusa shiga Gwarinpa ta ce, a hankali, ba da fushi ba, "Anti, ita da ta faɗo kin ce mata sannu."

Na san wa take nufi. Na kuma san shekara nawa ta yi tana riƙe da maganar. Ni mai baki, ni da ba a kayar da ni a magana, abin da na samu na ce shi ne, "Ita ai ba ni na haife ta ba."

A nufina bayani na yi mata. Ina so ta gane cewa abin da ya fi kusa da zuciya shi ake ɓoyewa, haka aka yi mana, haka muka ga ana yi. Amma yarinyar Abuja ce, ba ta tashi a tsakar gidan da kowace uwa ke kau da kai ba, balle ta san kau da kan ma magana ce. Ita abin da ta gani shi ne uwayen ƙawayenta suna ihu, tata tana duba jaka. Ta ce, "To," ta ci gaba da kallon waje. Wannan "to" ɗin ya zauna min a ƙirji, har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina, wata kunya daban da wadda nake taƙama da ita.

Na so in gyara. Na sayo mata sabuwar hula da hodar hannu mai kyau, na ajiye a kan gadonta ba tare da na ce komai ba. Ta gode wa babanta. Ya ce ba shi ba ne, ta ce ta sani, amma shi ake iya gode wa.

Da ta gama ƙaramar sakandare aka sama mata makarantar kwana a wata jiha. Makaranta ce mai kyau, ita ma tana so, amma babu katako a can, babu koci, kuma duk mun san in ta dawo jiki ya canja, maganar ta wuce. Kocin ta ce akwai gasa kafin yarinyar ta tafi, ita ce ta ƙarshe gare ta, kuma ta shirya mata wata sauka mai wuya da suka daɗe suna koyo. Ta riƙe min hannu ta ce, "Madam, wannan karon ka duba shi. Daga wannan babu wani."

Na ɗaura niyya. Na ce zan zauna a benci na gaba, zan bar waya a mota, zan kafa mata ido, in ta sauka zan miƙe in kira sunanta kowa ya ji, duk abin da zai faru ya faru. Har gwaji na riƙa yi a hanyar ofis, gilashi a rufe. In buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Wata rana na yi nasara na faɗe shi duka, a hankali, sai na ji kamar na zagi wani babba, na waiga ko mai motar kusa ya ji ni. Duk da haka na ce ranar zan iya.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Hajiya surukata ta iso daga gida, za a duba mata ido a asibiti. Tsohuwar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, tun ina amarya take ce min 'yata. Da ta ji labarin gasar ta ce ai ko da rarrafe sai ta je ta ga takwararta tana tashi sama. Babanta ya yi murna, yarinyar ta yi murna. Ni kaɗai ce ban yi ba. Sunan da na yi niyyar ɗaga murya in kira a bainar jama'a, ga mai shi za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ni.

Ranar zauren ya cika. An share, an jera kujerun roba, alƙalai sun zauna a bayan tebur da fararen riguna. Muka zauna a gaba saboda idon Hajiya. Waya tana mota kamar yadda na yi alkawari, hannuna ba abin riƙewa sai jaka. Na kalli 'yan Kuchigoro, na kalli 'ya'yan manya, na yi wa Hajiya bayanin komai, inda ake rage maki da inda ake ƙarawa. Ta ce, "Ikon Allah, ke duk a ina kika san wannan?" Na ce a wurin wata yarinya.

Sai aka kira sunan a lasifika, sunan Hajiya, ta gyara zama tana dariya ta ce ga ni nan. Yarinyar ta fito. Ban san ta yi tsawo haka ba. Ta shafa hoda, ta tafa hannu farin ya tashi, ta tsaya a gefen katako ta ɗaga hannu ta gaida alƙalai. Sannan ta juyo ta dube ni. Na riƙe idonta, wallahi na riƙe, na ga ta ɗan buɗe baki don mamaki. Ta dafa katakon za ta hau. A daidai nan Hajiya ta juyo ta kalle ni, kallo ne kawai na murna, irin na a raba farin ciki. Wuyana ya lanƙwashe.

Abin da na gani a wasan ƙarshe na 'yata shi ne zif ɗin jakata, da yatsun ƙafar Hajiya masu lalle, da wata ledar ruwa da aka yar a ƙasa. Sauran da kunne na bi shi, kuma kunnen nan 'yar Brazil ce ta horar da shi. Na ji takunta a kan katako, sannu-sannu. Na ji shirun juyi a ƙafa ɗaya. Na ji tsalle, na ji ta dira daidai. Na ji zauren ya ja numfashi, na san alkafurar baya ce, wadda ta kayar da ita a da, na ji ƙafa biyu sun kama katako ba tare da kuskure ba. Ina ce wa kaina ɗago, ɗago yanzu, saura kaɗan, wuyan nan kamar an ɗora masa buhun masara. Na ji gudu gajere zuwa ƙarshen katako. Shiru. Sai dum.

Na jira ɗan tas ɗin da ke biyo baya. Bai zo ba.

Zauren ya kaure. Mai masara ta saki guɗa daga bakin ƙofa, Hajiya ta amsa mata da tata, tsohuwar murya tana rawa. Na ɗago. Hannuwan yarinyar sun riga sun sauko. Tana tsaye a kan katifa, ƙirjinta na hawa da sauka, idonta a kaina, kuma na san tun daga sama ta ga tsakiyar ɗankwalina. Ba ta ɓata rai ba. Ta ɗan gyaɗa kai, irin na wanda aka gaya masa abin da ya riga ya sani, ta juya wajen kocinta.

A mota Hajiya tana gaba, tana juya lambar da aka ba yarinyar a hannu, tana ta sa albarka. Can ta dafa gwiwata ta ce, "Na gan ki fa. Ko ɗagowa ba ki yi ba. A Abujar nan, da bokonki da komai. Ke 'yar gidan mutunci ce, Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni irin wannan ba. Na duba madubi, yarinyar tana baya ta jingina kai da gilashi, tana kankare hodar da ta maƙale a farcenta.

Washegari Lahadi, da hantsi, ana ta haɗa mata akwatin makaranta. Babanta ya fita da Hajiya da yaran gaishe-gaishe. Ina kicin na wanke shinkafa na zuba a tukunya, sai ta shigo da wayata a hannu. Ta ce kocin ta ɗauki wasan jiya, ta turo, ta sa min a ciki. Ta ajiye a kan kantar kicin kusa da ni ta ce, "Ki kalla a nan, Anti. Na san a waya kin fi iya kallo." Ba gatse a muryarta, da ma akwai da na ji sauƙi. Ta koma ɗakinta.

Na goge hannu na danna. Ga ta 'yar ƙarama a cikin gilashi, daidai girman 'yar Brazil. Na ga abin da na yi shekara da shekaru ina zaune kusa da shi ban gani ba. Yatsun ƙafarta a miƙe suke kamar an ja su da zare. In za ta juya takan ɗan cije leɓe, irin yadda nake yi in ina zura allura. Ta yi alkafurar, katakon bai ko girgiza ba. A gefen hoton, can ƙasa, ga wata mata da ɗankwali ruwan toka ta sunkuyar da kai, kowa a kusa da ita fuskarsa a sama. Yarinyar ta yi gudu, ta tashi, ta dunƙule ta juya a iska, ta buɗe, ta dira. Dum. Ta ɗaga hannu, kuma kafin ta dubi alƙalai sai da ta dubi matar nan.

Sunan ya fito da kansa. Ba a hankali ba, da dukan muryar nan tawa da ke keta bango, har da 'yata a bayansa.

Na ji an yar da wani abu a ɗaki, na ji gudu a farfajiya. Ta faɗo kicin ido a waje, da rigar makaranta a hannu, tana cewa, "Na'am? Anti, lafiya? Me ya faru?" Tsoro ne a fuskarta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, ta ɗauka wani ne ya mutu.

Muka tsaya muna kallon juna. Wayar tana hannuna, hoton ya tsaya a kanta, hannuwa a sama. Ta gani. Ta dawo da ido kaina, tana jira. Ba kowa a gidan, ba Hajiya, ba baƙo, ba wanda zan ji wa kunya. Na buɗe baki.

Na ce, "Duba min shinkafar nan, kada ta kama."

Ta dubi tukunyar. Sannan ta rataya rigar a kafaɗa, ta taka zuwa murhu, ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallon shinkafar a cikin ruwan sanyi, tukunyar da ko wuta ban kunna mata ba. Ta mayar da murfin a hankali.

Ta ce, "Ba ta kama ba, Mama."